Ɓarna da gangan: littafin aikin curar tsofaffin suwaitoci

4 ga Oktoba

Yau na sauko da akwatin da ya yi shekaru a saman kabad. Suwaita bakwai ne a ciki, kuma babu wadda mutum zai sa ya fita da ita. Wata ta ci a gwiwar hannu, wata wuyanta ya saki ya koma kamar bakin buhu, wata lafiyarta ƙalau sai dai mai ita ya fi ƙarfinta. Zubarwa ta gagare ni, kyauta kuma ba a yin ta da abin da ya huje.

Abin da kowa ke gudu wajen wankin ulu, shi nake nema. Duk wadda ta taɓa jefa suwaita mai kyau a ruwan zafi ta san abin da take cirowa: riga ta tsuke, ta yi tauri, ta dawo daidai ɗan yaye. Wannan ɓarnar zan yi da gangan. Idan ulu ya cure sosai, idon saƙar yakan ɓace, abin ya koma ƙyalle mai kauri wanda ko an sa masa almakashi ba ya warwarewa. Daga nan sai yanka da ɗinki. Curarren ulu zan riƙa ce masa a nan.

Na ɗauki biro na raba musu aiki kamar mai rabon gado. Shuɗiya jaka, ja safar hannu, toka-toka silifa, koriya hula, mai ratsi jakar waya, fara kuma 'yan faya-fayan ɗora kofi. Ta bakwai ruwan ƙasa ce, Kaka ta saƙa ta da hannunta. Ita ban rubuta komai a gabanta ba.

6 ga Oktoba

Tun ba a je ko'ina ba lissafi ya fara rushewa. A bakinmu duk zaren saƙa ulu ne, alhali wani ulun bai taɓa ganin tunkiya ba. Akirilik dangin roba ne da aka ja ya zama zare, ko kwana zai yi a ruwan zafi ba zai cure ba. Auduga ma haka. Gashin dabba kaɗai ke yi.

Huɗu suna da ɗan ƙyallen bayani a wuya. Shuɗiya ulu ce zalla, har da tambarin Woolmark, wannan mai kama da curin zare da aka fara bugawa tun 1964. Toka-toka kashi 80 ulu ce, 20 nailan, ta dai tsallake da ƙyar, domin masu wannan aiki sukan ce in ya gaza haka wahala ce kawai. Koriya kashi 70 akirilik, sai na tura ta gefe, hula ta tafi ke nan. Fara ulun merino ce zalla, wato na wata irin tunkiya mai lallausan gashi, an kuma rubuta cewa ana iya wanke ta a inji. Na yi murna da wannan rubutun.

Sauran ukun babu shaida, sai gwajin wuta. Na zaro zare kamar tsawon yatsa daga cikin ɗinkin kowace, na riƙe da hantsaki a saman faranti mai ruwa, na kusantar da shi ga kyandir. Na jar bai kama da daɗin rai ba. Ya yi ɗan cir-cir, ya nannaɗe, ina janye shi wutar ta mutu, ɗakin ya gauraye da ƙaurin gashi. Baƙin ƙullutun da ya bari na murza shi tsakanin yatsu ya zama gari. Ulu ke nan. Na mai ratsi kuwa wuta ta kama shi ta bi shi da gudu, yana narkewa yana ɗiga, ga ƙaurin roba, ya bar dunƙule mai tauri kamar tsakuwa. Ita ma ta bi koriya. Na Kaka ƙaurin gashi ya yi.

Cikin bakwai saura biyar.

9 ga Oktoba

Ƙananan hujojin da ke hammatar toka-toka ba tsufa ba ne, asu ne. Na sami 'yar farar saƙa kamar ta gizo-gizo a cikin naɗin. Wanda ake gani yana shawagi ba shi ke ci ba, tsutsarsa ce, kuma inda gumi ya taɓa zama nan ta fi so. Na ƙulle kowace a ledarta na tura firiza, can inda sanyin ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, su yi mako guda. Ruwan zafin da ke jiransu ma zai iya gamawa da ƙwan, amma ba na son in riƙa baza su a ɗaki kafin ranar, ga ta Kaka da ban san yaushe za ta ga ruwa ba.

17 ga Oktoba

Da shuɗiya na fara, kuma da hannu, don ina so in ga abin da idona.

Na cire maɓallai, na bi ɗinkin gefe da na kafaɗa da almakashi, ta rabu huɗu: gaba, baya, hannu biyu. Gaban ya auna santimita 54 a faɗi, 66 a tsawo. Na ajiye baho biyu, ɗaya da ruwan zafin da sai da safar roba ake sa masa hannu, ɗaya da ruwan sanyi. Sabulun wanke-wanke ɗan kaɗan, don in kumfa ta yi yawa sai zaren ya riƙa sulɓewa a kan juna maimakon ya kama.

Minti goman farko gwiwata ta yi sanyi. Maimakon ta tsuke sai ta saki, ta yi laƙwas, ta ma fi da girma, kamar jiƙaƙƙen tsumma. Har na fara zargin tambarin wuyan. Na dai ci gaba da cuɗa, ina murzawa ina dannawa, jim kaɗan in tsoma ta a na sanyi in dawo da ita na zafi. Wajen minti 25 tafin hannuna ya ji canji tun kafin idona ya gani. Ƙyallen ya daina zamewa, ya fara turjiya, nauyinsa ya taru wuri guda. Na ɗaga shi yana ɗigar ruwa, sai ga layukan saƙar sun fara dusashewa a ƙarƙashin wani siririn gashi da ya taso ya lulluɓe su.

Dalilin yana jikin gashin kansa. Kowane silin ulu a lulluɓe yake da ɓawo-ɓawo irin na kifi, dukansu sun fuskanci tsini. Ruwa da zafi da sabulu sukan sa silin ya kumbura, bakin ɓawon ya ɗan ɗaga. In aka cuɗa, sili yakan sulala ta wajen gindinsa ba wuya, amma in zai koma baya sai ɓawon ya tokare. Haka kowanne ke kutsawa cikin 'yan'uwansa, gaba kawai, har su sarƙe su cike duk wani gurbi. Shi ya sa curarren ulu ba ya komawa yadda yake. Ba irin tsukewar auduga ba ce da za a jiƙa a ja ta ɗan dawo.

Sai da na yi minti 55 a kan gaban kaɗai. Na kankare shi da farce, ido bai buɗe ba. Na ɗaga wa fitila, da ƙyar haske ke ratsawa. Na ɗan tsaga gefe da almakashi na ja da ƙarfi, ko zare ɗaya bai biyo ni ba. Na ɗauraye, na zuba cokali biyu na ruwan khal a ɗaurayar ƙarshe don ya kashe sauran sabulu, na naɗe a tawul na taka, na shimfiɗa a kwance na jajja kusurwoyin su daidaita tun yana da danshi. Awo: 43 a faɗi, 46 a tsawo. Wato faɗi ya rasa kashi ɗaya cikin biyar, tsawo kusan ɗaya cikin uku. Saƙa ta fi tsukewa ta tsaye. Da na yi garajen yanka fasalin jakar kafin wanki, da ta fito guntuwa shafceciya.

Gidan duk warin jiƙaƙƙen rago yake.

19 ga Oktoba

Kwana biyu na yi kan baya da hannayen, yau ko tsintsiya ba na iya ɗagawa. Yanzu na gane abin da ya sa a da matan tsibiran Hebrides na Sikotland ba sa yin wannan aiki su kaɗai. Sukan kewaye tebur suna buga jiƙaƙƙen yadi, kowace na miƙa wa ta gefenta, da waƙoƙi na musamman don hannu ya tafi tare. Rumawa da ƙafa suke takawa a cikin kwatarniya, da tsohon fitsari a madadin sabulu, har Sarki Vespasian ya sa wa fitsarin haraji. Daga baya Turawa suka ɗora wahalar a kan gudumar katako da ruwan kogi ke juyawa.

Nawa irin nasu ne: a saƙa tukuna, sannan a cura. Akwai wanda ya girme shi, wanda babu kaɗi babu saƙa, gashin ake shimfiɗawa a jiƙa a naɗe a yi ta mirginawa har ya kama kansa. Da shi mutanen Mongoliya ke rufe tantunansu, kuma an tono irinsa a kaburburan Pazyryk na tsaunukan Altai a Siberiya, ya haura shekara 2,000 cikin ƙanƙara bai ruɓe ba.

Ni dai ba ni da mata goma sha biyu masu waƙa. Daga yau inji zan nufa.

24 ga Oktoba

Son sauƙi ya ja min. Na zuba ja da toka-toka da fara a inji gaba ɗaya, digiri 60, da tsohon wandon jins don ya riƙa bugunsu. Na san ana cewa a sa kowace a rigar filo a ɗaure baki. Na ce wannan fi'ili ne kawai.

Ana cikin wanki na leƙa gilashin, ruwan ya yi jawur. Da lokacin zubar da ruwa ya yi sai injin ya tsaya yana gurnani, ruwa ya ƙi fita. Na durƙusa na kwance matacin da ke ƙasa, jan ruwa ya malale ɗakin har ƙarƙashin ƙofa, na zaro curin gashi kamar dunƙulen hannu, shi ma ya cure tsaf a can ciki ba wanda ya sa shi. Awa guda na yi ina tsane ƙasa.

Ja ta zuba wa kowa rini. Fara ta zama ruwan hoda. Toka-toka ta yi wani launi tsakanin toka da shunayya wanda, in faɗi gaskiya, ya fi na da kyau. Jins ma ya sami rabonsa. Jar kanta ta tsuke fiye da kima, ta yi kauri kamar kafet, hannayenta sun manne da juna sai da almakashi na raba su. Toka-toka ta cure amma da laushi. Fara kuwa, ban da launi, yadda ta shiga haka ta fito.

2 ga Nuwamba

Wanki uku ke nan fara tana sha, ɗaya ma a tukunya na tafasa ta ina juyawa da sanda. Santimita biyu ta rage. Rubutun nan da na yi murna da shi, wai ana iya wanke ta a inji, ashe shi ne gargaɗin. Irin wannan ulun tun a masana'anta ake bi da shi ta ruwan kulorin ya cinye bakin ɓawon, sannan a shafa masa siririyar roba. An yi shi ne musamman don kada ya yi abin da nake roƙonsa. Gwajin wuta ba ya tona wannan asirin, ƙaurin gashi zai yi kamar kowane ulu.

Na haƙura. Ga ta nan ruwan hoda, ba tsuntsu ba tarko.

8 ga Nuwamba

Na ɗauko takardar rabon gadon na soke ta.

Ja aka rubuta wa safar hannu. Kaurinta ya kai milimita 6. Na yanka ɗaya don gwaji, na ɗinke, na zura hannu, ko yatsa ban iya lanƙwasawa ba, kamar an ɗaure ni a kwali. Toka-toka da aka rubuta wa silifa kuwa, da wannan laushin nata ba za ta yi mako biyu a ƙarƙashin diddige ba. Ina jin nailan ɗin ne ya hana ta matsewa sosai. Sai na musanya musu aiki. Tun ranar farko ya kamata in jira su fito daga ruwa kafin in ce wa kowace ga abin da za ta zama.

Na ɗora hannu a kan takarda, yatsu huɗu a haɗe, babban yatsa a ware, na zagaye da fensir, na ƙara santimita ɗaya da rabi. Dabarar da ta fi yi min daɗi ita ce jera fasalin yadda wuyan hannu zai faɗo a kan bakin rigar na ƙasa, wurin nan mai saƙar roba-roba. Bai cure kamar sauran jikin ba, yana da sauran miƙewa, sai ya zama bakin safa ba tare da na ɗinka masa komai ba. Hujojin asu na zagaye su da alli don almakashi ya kauce musu, ɗaya dai ya ƙi kaucuwa, yana nan a bayan hannun dama.

Ta farko babban yatsa ya matse, saboda ban lissafa kaurin ƙyallen ba a kwanar da ke tsakaninsa da manuni. Ta biyu na buɗe kwanar, na ɗinka da hannu, irin ɗinkin bakin bargo da zare ke zagayo gefe, na bar ɗinkin a waje don kada ya dami fata. Ta zauna cif.

15 ga Nuwamba

Jaka. Ita kaɗai ce takardar ta faɗi daidai a kanta.

Na haɗa gaba da bayan shuɗiya a keke, allura lamba 16, tsawon ɗinki milimita 4. Ɗinkin farko ya fito yana igiyar ruwa, domin ƙafar keken na danne ƙyallen tana miƙa shi. Na sassauta ta, na daina ja da hannu, na bar haƙoran su tafi da shi. Ɗan karkacewar da ta rage dutsen guga ya gyara: jiƙaƙƙen ƙyalle a sama, a danna a ɗaga, ba a gogawa. Ulu yana jin maganar tururi.

Daɗin wannan ƙyalle shi ne babu ruwanka da kalmasa. Bakin jakar yadda almakashi ya bar shi haka yake, tsaf. Na ɗinke kusurwoyin ƙasa biyu ta sami gindin zama na santimita 8. Hannayen rigar na tsaga su a tsaye, na ninka uku, na haɗa, suka zama maratayi. Shafi ban sa ba, na ga kaurin ya isa.

16 ga Nuwamba

Yaya ta zo ta tarar da jakar a rataye. Ta sauke ta, ta jujjuya, ta shafa, har da kai wa hanci.

"Ke, wannan ba suwaitata ba ce da na ba ki ajiya?"

"Ajiya kuma, Yaya? Cewa fa kika yi ta yi miki kaɗan, in yi yadda na ga dama da ita."

"Kaɗan na ce, ban ce ki dafa ta ba. To warware min abata."

Na ce mata ko wanda ya saƙa ta bai isa ba. Ta yi shiru tana bin ɗinkin da yatsa, sannan ta juye kayan jakarta a ciki ta rataya a kafaɗa. Wai diyya. Da yamma ta aiko yaro da wasu biyu a leda: baƙa mai zanen fari a ƙirji, da wata ruwan madara mai laushi wadda ƙyallen wuyanta ya ce kashmiya ce.

23 ga Nuwamba

Jar ta sami gidanta. Tafin silifa ninki biyu, saman ninki ɗaya. Keke bai ko gwada ba, inda ukun suka haɗu kaurin ya kusa santimita biyu, sai basilla da zare mai ƙarfi, ina turawa da bayan cokali. Ɗuminta irin wanda ba ya jiƙa ƙafa ne, don ulu kan shanye danshi kusan kashi 30 na nauyinsa bai nuna ya jiƙe ba. Aibinta ɗaya, santsi. Taku na uku a kan tayil sai da na kama bango. Na yanko tafi daga wata tsohuwar jakar fata na ɗinka a ƙasa.

Daga abin da ya rage na fitar da murabba'i biyu na sauke tukunya. A nan kaurin da ya ɓata min safa ya yi rana. Ulu ba ya narkewa ya manne wa fata kamar akirilik, kuma kyandir ya riga ya nuna min halinsa da wuta.

30 ga Nuwamba

Biyun da Yaya ta aiko, wannan karon kowace ita kaɗai, a ɗaure cikin rigar filo, gajeren wanki na minti 15, in ciro in duba in mayar. Duk gashin da da mataci zai tafi, a rigar filon ya tsaya.

Baƙar ta ba ni mamaki. A bayan zanen akwai zarurrukan da ke tsallakawa daga wannan fure zuwa wancan ba tare da an saƙa su ba. Su suka fara curewa, suka ja ƙirjin ciki, don haka wurin zanen ya fi sauran jikin tsukewa a faɗi, ya kuma fi kauri. Riga ɗaya ta ba ni ƙyalle iri biyu. Zanen bai ɓace ba, ya dai ƙanƙance, gefunansa suka yi laushi kamar an zana da alli an shafa da hannu. Shi zai zama jakar waya, ƙasan kuma ya zama hular da koriya ta hana ni.

Kashmiya ba gashin tunkiya ba ce, lallausan gashin ciki ne na wasu awaki, mafi yawansa daga Sin da Mongoliya. Wanki huɗu ta sha, ta tsuke, ta yi bau-bau da gashi, amma tauri ta ce ba da ita ba. Zan yanka ta falle-falle in haɗa abin naɗa wuya.

7 ga Disamba

Yaya ta dawo da jaka. Maratayin ya miƙe har jakar na bugun cinyarta, gindin ya yi tumbi inda makullai da waya ke zama.

"Ƙanwata, aikin naki girma yake yi."

Laifina ne. Curarren ulu ba ya warwarewa, amma ba wanda ya ce ba ya miƙewa. Asalinsa saƙa ne, nauyi kuma yana tuna masa. Na farke maratayin na zura ƙaƙƙarfan tef na auduga a ciki, na yi wa jakar shafi da tsohuwar riga, na yanka shafin ya ɗan gaza jakar don shi ya ɗauki nauyin. Tururi ya mayar da tumbin.

Guntayen yanka sun cika kwali. Na samo allurar curawa, lamba 38, mai ƙananan ƙayoyi a jikinta. Ba ruwa ba sabulu, a busasshen ulu ake soka ta, ƙayoyin na tura silin ciki. Da ita na toshe hujin asun da ke bayan safar dama: na tsefe ɗan guntu ya koma gashi, na ɗora a kan hujin, na sa soso a ƙasa, na yi ta soka ta gaba da ta baya har na kasa gane inda yake. Allura biyu na karya don na karkata hannu, ta uku ta shiga yatsana.

Ina kallon kwalin sai na tuna ba yau aka fara jin ciwon zubar da tsumman ulu ba. Tun 1813 Benjamin Law ya fara yagalgala tsofaffin tsummoki a Batley ta Ingila ana sake kaɗa su, kuma har yau garin Prato na Italiya da wannan sana'ar aka san shi. Nawa kwali ɗaya ne, ƙwallaye zan cura da shi.

14 ga Disamba

Saura ta Kaka.

Yau na shimfiɗa ta a gado na dube ta a natse. Ulun mai kaushi ne, ina jin zai ba da ƙyallen da ya fi duk na baya ƙarfi. Gwiwar hannun hagu ta huje, wuyan ya fara zarewa. A hannun dama, wajen tsakiya, akwai layi uku da idon saƙar ya fi sauran matsewa, sai kuma ya koma daidai. Ko ranta ne ya ɓaci a ranar, ko allurar ce ta ɓata ta ɗauki wata. Na ga abin da ruwan zafi ya yi wa layukan shuɗiya cikin minti 25.

Ga shi kuma tana da wata ƙofar. Saƙar hannu ana iya warware ta: a nemo bakin zaren, a ja, ta dawo curi, a jiƙa a ruwan sanyi lanƙwasar ta miƙe, a saƙa wani abin. In na cura ta, wannan ƙofar ta rufe.

Ban yanke shawara ba. Abin da na yi, na raba hannun hagu daga daidai hujin, na warware shi zuwa ƙasa. Zaren ya fito a lanƙwashe, yana tsinkewa kusa da inda ya ci, amma ya ishe ni saƙa murabba'i biyu, kowanne santimita 10. Ɗaya zai shiga baho ranar Asabar, ɗaya zai zauna a gefe don awo. Idon da suka rage a buɗe a gwiwar na zura musu zare don kada su gudu, na naɗe rigar na mayar leda.

Hular baƙa tana jira, Yaya har yanzu ba ta aiko da awon kanta ba.